Yadda Ake Koyar da Darasin Sararin Samaniya ta Hanyar Bincike a Makarantun Zangon Kumasi

Da zarar malamin kimiyya ya zana rana da duniyoyinta a allo, sai an samu yaron da zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, akwai mutane a Mars?" Amsar gaskiya gajeruwa ce: har yau ba a gano wata halitta mai rai a wajen wannan duniya tamu ba, ko da ƙwayar da ido ba ya gani ce. Malami zai iya faɗin haka ya wuce, amma ya yi asarar tambayar da ta fi kowace iya riƙe aji. Abin da ya fi shi ne a karya ta zuwa ƙananan tambayoyi da yara za su iya aunawa da hannunsu: yaya nisan wuraren yake, me ya sa ake neman rai a wani wuri ba a wani ba, kuma in an ga abu yana motsi ko yana fitar da iska, ta yaya za a tabbatar rai gare shi?

Darussan da ke ƙasa an tsara su ne don 'yan JHS, wato ƙaramar sakandare, inda manhajar NaCCA, hukumar tsara manhajar karatu ta Gana, ta sa tsarin rana da duniyoyinta, kuma za su yiwu a makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, a Aboabo ko Asawase ko Sawaba. Kusan duk kayan ana samunsu a Kejetia ko a shagon unguwa.

Shirin da ake yi kafin darasin farko

A raba aji rukuni-rukuni na yara biyar ko shida, kowa da aikinsa: mai awo, mai rubutu, mai duba lokaci, mai kula da kaya, mai yi wa aji bayani. A riƙa juya ayyukan kowane darasi. In ba a yi haka ba, manyan yara maza ne za su kama rula da kwalba, a bar wa 'yan mata rubutu har zangon karatu ya ƙare.

Kowane yaro ya ware shafuka a littafinsa, ya ja layi ya raba kowane shafi gida uku: abin da nake zato, abin da na auna, abin da awon ya nuna. Dole a cika gidan farko kafin a taɓa kaya, kuma da biro, don kada a goge. Yaron da ya rubuta zatonsa sannan ya ga awo ya ƙaryata shi ba ya mantawa da darasin. Wanda bai rubuta ba kuwa, da sakamako ya fito zai ce dama haka ya yi tsammani.

A bar yara su yi gardamarsu da Hausa ko Twi a cikin rukuni, sannan su rubuta sakamako da Turanci, tunda da shi za a yi BECE, jarrabawar kammala JHS. Tilasta Turanci tun a wajen gardama yana rufe bakin yaran da suka fi kowa lura.

Doka ɗaya ce a kan malami, kuma ita ce mafi wuya: kada ya faɗi amsa kafin a auna. In an tambaye shi, ya mayar da tambaya: "Me ka gani da ya sa ka ce haka?" ko "Wane gwaji zai raba mana gardama?"

Littafin wata, wanda zai tafi tare da sauran darussa

A fara shi washegarin da aka ga jinjirin wata. Yaran zango sun saba da jiran sanarwar ofishin Babban Limamin ƙasa a bakin azumi da salla, don haka ba sai an sha wahalar jawo hankalinsu ba. Kowace rana bayan magariba yaro ya tsaya wuri guda, ya zana siffar wata, ya rubuta lokaci, ya nuna ta wane ɓangare yake. Bayan kwana 14 za su dawo da ƙorafin wata ya ɓace. Bai ɓace ba, kullum yana makara da kusan minti 50 wajen fitowa, sai a koma dubansa da asuba. Zagayen siffofinsa yana cika a kwana 29 da rabi.

Yawancin yara za su ce inuwar duniya ce ke cin wata. Kada a ce musu kuskure ne. A fita da su da hantsi a ranar da ake ganin wata a sama bayan rana ta fito, wajen kwana 21 ko 22 ga watan Musulunci, kowa ya ɗaga lemu ya saita shi da watan. Hasken da ke jikin lemun zai yi siffa ɗaya da na watan, kuma babu wata inuwar duniya a kansa. A Kumasi gizagizai sukan hana wannan aiki daga Yuni zuwa Agusta. Lokacin hunturu ƙura tana dushe taurari amma wata yana fitowa. Ranar da hadari ya rufe, yaro ya rubuta "ban gani ba", kada ya ƙaga zane.

Darasi na ɗaya: nisa

Zanen littafin aji yana jera duniyoyi kusa da juna saboda shafi ba zai ɗauke su ba, kuma wannan zanen ne ke sa yara zaton zuwa Mars kamar zuwa Tamale ne. Maganinsa filin ƙwallo.

A ɗauki ƙwallon ƙafa, mai faɗin kusan santimita 22, a ce ita ce rana. A ba kowane rukuni ƙwayar gero, a ce ga duniyarmu, su je su tsaya inda suke zaton ya kamata ta kasance. Galibi taku biyu ko uku za su yi. Sannan a auna. A wannan ma'auni, Makyuri ɗan yashi ne a mita 9. Zuhura, wadda littafi ke kira Venus, ƙwayar gero ce a mita 17. Duniyarmu tana mita 24, watanta kuma santimita 6 kacal daga gare ta. Mars rabin ƙwayar gero ce a mita 36. Jupita ƙaramin goro ne a mita 123, wato ya riga ya fita daga filin wasa irin na Baba Yara. Zuhal, wato Saturn, yana mita 226, Yuranus 453, Neftun 710, biyun ƙarshe kamar ƙwayar gyaɗa.

A manna ƙwayoyin a kan farin kati da salatif, in ba haka ba za su faɗi a ƙasa a rasa su. In babu dogon tef, a auna igiya mai mita 10 a riƙa maimaita ta. Ƙirgen taku yana ba da sakamako iri-iri saboda ƙafafun yara ba ɗaya ba ne. Ba sai an taka har Neftun ba. A tsaya a Jupita, yara su faɗi wane masallaci ko wace mahaɗar titi ce ke kusan mita 700 daga makaranta.

A rufe da tauraron da ya fi kusa da rana, Proxima Centauri, wanda haskensa ke ɗaukar shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso mu, alhali na rana minti 8 da daƙiƙa 20 yake yi. A bar su su yi zato. A ma'aunin ƙwallon, yana kusan kilomita 6,300 daga filin, ya wuce Makka nesa ba kusa ba in daga Kumasi aka auna.

Darasi na biyu: ramukan da duwatsun sama ke haƙawa

A nan 'yan Kumasi sun fi kowa sa'a. Tafkin Bosomtwe, kusan kilomita 30 kudu maso gabas da gari, yana cikin ramin da dutsen sama ya haƙa shekara kusan miliyan ɗaya da suka wuce, faɗin ramin kusan kilomita 10 da rabi. Tarkacen narkakken dutsen da ya fantsama an tsince shi har a Kodebuwa, kuma a 2004 masana daga ƙasashe da dama sun haƙa ƙasan tafkin sun ciro duwatsun da suka ƙara tabbatar da haka. Amma kada a fara da wannan bayani. A fara da hoton tafkin daga sama, kusa da hoton fuskar wata, a tambaya: me zai yi rami da'ira haka?

Kowane rukuni yana buƙatar roba ko tire mai zurfi, busasshen yashi mai laushi da aka tankaɗe, zurfin santimita 7 zuwa 8, toka ko garin gawayi da za a barbaɗa sama-sama da rariya, rula mai mita ɗaya, ƙaramar rula, da duwatsu ko marbul masu nauyi daban-daban. Fulawa tana nuna fantsama fiye da yashi, amma abinci ce kuma da tsada. Yashin gini da aka shanya ya wadatar.

A zagaye na farko tsayi kaɗai ake canzawa. Dutse ɗaya, a sake shi daga santimita 30, sannan 60, sannan 90, kowane tsayi sau uku. Sakinsa ake yi, ba jifa ba. A ciro dutsen a hankali, a auna faɗin ramin daga baki zuwa baki, a rubuta, a daidaita yashin, a sake barbaɗa toka. A zagaye na biyu tsayi ya tsaya a santimita 60, a canza nauyin dutse.

Kusan kowa zai yi zaton in an ninka tsayi, faɗin rami zai ninka. Ba ya ninkawa, kaɗan yake ƙaruwa, kuma wannan saɓanin ne zuciyar darasin. A bar su su zana jadawali su gani da idonsu.

Abubuwan da ke ɓata gwajin sanannu ne. Yashi mai danshi yana riƙe siffar dutse maimakon ya buɗe rami, kuma a damina yashin da ya kwana a waje ya jiƙe ko da ido bai nuna ba. In yashin bai yi zurfi ba, dutse zai bugi gindin roba ya yi tsalle. In ba a sassauta yashin tsakanin gwaji da gwaji ba, yana daskarewa, ramukan baya su fi na farko ƙanƙanta. Rukunin da ya canza dutse da tsayi lokaci guda kuwa, kada a gyara masa nan take. A bar shi ya kawo sakamakonsa gaban aji, a tambaye shi wanne daga cikin biyun ne ya faɗaɗa ramin. Rashin amsar zai koyar da su dalilin canza abu ɗaya tak.

Wajibi ne a gaya musu inda gwajin ya gaza. Dutsen sama yana zuwa da gudun kilomita da yawa a daƙiƙa ɗaya, yana fashewa ne, ramin da yake bari ya ninka girmansa sau da yawa, kuma ba a samunsa zaune a tsakiya kamar marbul. Sannan a tambaya me ya sa wata ya cika da ramuka amma a Gana sai Bosomtwe. In sun kakare, a yayyafa ruwa a kan tirensu, a hura iska, su ga abin da ya sami ramin. Wata ba shi da ruwan sama ba shi da iska.

Daga nan hanyar Mars a buɗe take. Motar bincike ta Perseverance ta sauka ranar 18 ga Fabrairun 2021 a ramin Jezero, mai faɗin kusan kilomita 45, wanda alamu suka nuna tafki ne a da, har da inda kogi ke zuba laka a cikinsa. Yaron da ya san Bosomtwe zai gane da kansa dalilin da ya sa aka zaɓi busasshen tafki don neman alamun rai. Makarantar da ke da hali ta kai yara bakin tafkin ta hanyar Kuntanase zuwa Abono. Gangarowar da mota ke yi daga saman tudu, bangon ramin ake sauka.

Darasi na uku: zafi da ruwa

Wannan gajere ne. A rubuta lambobi uku a allo: matsakaicin zafin Zuhura kusan digiri 465, na duniyarmu kusan 15, na Mars kusan 60 ƙasa da sifili. A tambaya a ina ruwa zai zauna yana ruwa. Sai a ƙara cewa Makyuri ya fi Zuhura kusa da rana amma Zuhura ta fi shi zafi, saboda kaurin iskar kabon dayoksaid da ta lulluɓe ta. Ashe nisa kaɗai bai isa ba. A kuma ambaci Europa, watan Jupita, da Enceladus, watan Zuhal, waɗanda ke da teku a ƙarƙashin ƙanƙara. Kumbon Cassini ya ga ruwa yana feshi daga Enceladus a 2005, kuma an harba kumbon Europa Clipper a Oktoban 2024.

Darasi na huɗu: wace ƙasa ce ke da rai?

Wannan shi ne babban darasin, ya cancanci kwana biyu.

Kafin a fito da kaya, kowane rukuni ya rubuta alamun da za a gane abu mai rai da su. Za su ce motsi, ci, numfashi, girma, haihuwa. Malami ya kawo wuta: tana ci, tana girma, tana yaɗuwa, tana buƙatar iska. Ya kawo ƙwayar masara busasshiya wadda ba ta yin ko ɗaya daga ciki. A bar gardamar ta yi zafi na minti goma, kada a yanke hukunci.

Kayan kowane rukuni: robobin ruwa uku masu rabin lita, busassu ƙayau, balan-balan uku, zare da rula, ruwan ɗumi, sukari. Malami shi kaɗai zai haɗa samfuran, a ɓoye, da safiyar ranar. A soya yashi a busasshiyar tukunya minti 15 don kashe abin da ke cikinsa, a bar shi ya huce sarai. Kowace roba a zuba mata cokali 4 na cin abinci na yashin. Ta ɗaya a bar ta haka. Ta biyu a ƙara ƙaramin cokali 2 na busasshen yis, irin na masu burodi da bofurot. Ta uku a ƙara ƙaramin cokali 2 na garin da ke tafasa a ruwa, kamar Andrews ko dakakkiyar ƙwayar bitamin C mai kumfa. A barbaɗa ɗan dakakken alli a duka ukun don farin garin ta uku kada ya tona asiri. A rubuta 1, 2, 3, kuma a sassaɓa lambobin tsakanin rukunoni don kada a kwafi na maƙwabta.

A gaya wa yara cewa samfuran ƙasa ne daga wurare uku da ba a sani ba, aikinsu su gano ko akwai mai rai. Su duba, su shinshina, su rubuta zato. Babu ɗanɗanawa. Sannan a narkar da ƙaramin cokali 2 na sukari a ruwan ɗumi mililita 150, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na ledar fiya wata, a zuba wa kowace roba haka, a ɗaura balan-balan a baki nan take, a girgiza kaɗan. A auna kewayen balan-balan da zare a minti 1, 5, 10, 20, 30 da 40.

Roba mai garin tafasa za ta yi kumfa nan da nan, balan-balan ya miƙe, aji ya ɗauki ihu cewa an samu rai. Bayan 'yan mintuna ta tsaya cik. Mai yis ba za ta yi komai ba da farko, sai wajen minti 10 zuwa 15 kumfa ta fara taruwa, balan-balan ya riƙa tashi a hankali har a tashi daga darasi. A nan malami ya danne zuciyarsa. Duka biyun iskar kabon dayoksaid suka fitar, to wane ƙarin gwaji zai bambanta su? A tura su gida da wannan tambaya.

Washegari yawanci su da kansu za su kawo hanyoyi biyu. Ta farko, a ƙara abinci: a zuba sabon ruwan sukari mai ɗumi a robobin jiya. Mai yis za ta farfaɗo ta ci gaba, ɗayar ba za ta motsa ba domin sinadarinta ya ƙare. Ta biyu, a gwada kashewa: malami da hannunsa ya zuba tafasasshen ruwan sukari a kan sababbin samfura, a cikin kofin ƙarfe ko gwangwani, ba a roba ba domin za ta lanƙwashe. Garin tafasa zai yi kumfa fiye da da, yis kuwa ba zai tashi ba. Abin da zafi ya kashe, abinci kuma ya farfaɗo da shi, ya fi kama da mai rai.

Ga inda ake samun matsala. Ruwan ya zama mai ɗumi kamar na wankan jariri, digiri 35 zuwa 40. In ya kai wajen 55 zuwa 60 yis ya mutu, in ya yi sanyi darasi zai ƙare bai farka ba. Yis ɗin da aka daɗe da buɗewa yakan mutu a leda, don haka a gwada shi a gida kwana ɗaya kafin darasi. Danshin Kumasi yana cinye garin tafasa tun kafin a zuba ruwa, shi ya sa ba a haɗa shi da daddare. A hura kowane balan-balan a sace shi sau biyu don ya yi laushi, a kuma ɗaure bakinsa da zaren roba, in ba haka ba iska za ta zurare. Wani lokaci balan-balan na robar da babu komai zai ɗan ɗago saboda iskar ciki ta ɗumama, sannan ya shige ciki in ta huce. Kada a ɓoye wannan, a sa su bayyana shi. Amfanin robar da babu komai ke nan.

Sai yanzu za a ba su labarin Viking. A 1976 kumbuna biyu na Amurka masu wannan suna sun sauka a Mars, suka zuba ruwan abinci a kan ƙasar can, iska ta fito. Da aka gasa wani samfurin a digiri 160 kafin a ba shi abinci, iskar ba ta fito ba. Amma da aka ƙara wa na farko abinci karo na biyu, bai ƙara fitar da komai ba. A tambayi yara: da wace robarku wannan ya yi kama? Za su ga ya ɗauki halin wannan ya ɗauki na waccan. Yawancin masana sun tafi a kan cewa sinadaran ƙasar ne, musamman bayan kumbon Phoenix ya gano gishirin fakuloret a Mars a 2008, ko da yake Gilbert Levin, wanda ya tsara gwajin, ya tsaya a kan cewa rai ya gani. Yaron da ya yi gardama a kan robobi uku jiya zai fahimci yadda manyan masana za su kalli awo ɗaya su saɓa.

Darasi na biyar: duniyoyin wasu taurari

A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniya ta farko da ke zagaya tauraro irin rana, kuma tun 2022 adadin waɗanda aka tabbatar ya haura 5,000. Mafi yawansu ba a ga hotonsu ba. An gane su ne daga ɗan dushewar hasken tauraro lokacin da duniyar ta gifta ta gabansa.

A samu ƙwan fitila mai farin kai, mai faɗin kusan santimita 6, da wayar Android mai manhajar auna haske irin phyphox, wadda kyauta ce. A mulmula yumɓu ƙwallo biyu, mai santimita 1 da mai 2, a soke su da tsinken tsintsiya. A rufe tagogi, a kafa wayar kusan mita ɗaya daga fitilar, a naɗa kwali kamar bututu a gaban idon wayar don tare hasken gefe. A gifta ƙwallon a hankali dab da fitilar. Layin da ke allon wayar zai nutse ya dawo. Babban ƙwallo ya ninka ƙaramin sau biyu a faɗi, amma nutsewarsa kusan sau huɗu ce, domin fili yake tarewa. Sai rukuni ɗaya ya ɓoye a bayan labule ya gifta ƙwallo, sauran su faɗi girmansa daga layin kaɗai. In an riƙe ƙwallon kusa da waya maimakon fitila, zai tare hasken duka ya ɓata lissafi, kuma farar riga kusa da wayar tana mayar da haske. Fitila mai caji tana maganin ɗaukewar wuta, amma a cika ta, domin haskenta yana raguwa in batir ya yi sanyi. Don kwatanci, ga mai kallo daga wani tauraro, in Jupita ya gifta gaban rana yana rage haskenta da kusan kashi 1 cikin 100, duniyarmu kuwa ba ta kai kashi 1 cikin 10,000 ba.

Tambayoyin addini da bidiyon waya

Za a yi tambayar aljanu da mala'iku, musamman a makarantun da ake haɗa Arabiyya da boko. Malami ya amsa da girmamawa kuma a sarari: wannan darasi yana magana ne a kan abin da ake iya aunawa da na'ura, abin da ya shafi gaibu kuwa a kai wa malamin addini, shi ne ma'abocinsa. Kada a yi wa yaron dariya, kada kuma a murɗa aya don ta dace da awon roba. Yana da kyau a sanar da malamin Arabiyya abin da ake koyarwa tun kafin yara su kai masa labari a karkace.

Bidiyon "jirgin baƙin halittu" da ke yawo a WhatsApp da TikTok kuwa, a mayar da shi aikin aji. A kalli ɗaya tare, a yi masa tambayoyin da aka yi wa robobi: wa ya ɗauka, a ina, yaushe, wa kuma ya gani daga wani wuri, wane abu sananne ne zai iya yin kama da haka? Jerin fitilu masu tafiya a layi bayan magariba galibi taurarin ɗan'adam na Starlink ne. Haske ɗaya mai ƙarfi da ke ratsa sama cikin 'yan mintuna ba ya ƙyaftawa, sau da yawa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ce, wadda ke kusan kilomita 400 sama tana zagaya duniya a kusan minti 90. Daga ita aka saki GhanaSat-1 a Yulin 2017, tauraron da ɗaliban jami'ar All Nations ta Koforidua suka ƙera. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da na'urar sauraren sararin samaniya mai faɗin mita 32 a Kuntunse kusa da Accra (ba Kuntanase ta hanyar tafki ba, yara sukan rikita su). Ya kamata kuma su ji sunan Dakta Ashitey Trebi-Ollennu, injiniya ɗan Gana a NASA, wanda ya jagoranci aikin hannun kumbon InSight da ya sauka a Mars a Nuwambar 2018.

Yadda ake ba da maki

In aka ba da maki ga wanda zatonsa ya dace kawai, yara za su koma goge zato. A ba kowane yaro aiki ɗaya na ƙarshe: ga bayanan duniyoyi uku, zafinsu, iskarsu, ruwansu, kuɗin kumbo ɗaya kawai ake da shi, ina za a tura shi kuma wane gwaji zai yi a can? A raba maki goma haka: biyu ga zaɓi bayyananne, huɗu ga hujjar da aka ɗauko daga lambobin da aka bayar ko daga awon aji, biyu ga gwajin da ke da samfurin kwatanci irin robar da babu komai, biyu ga faɗin abin da zai iya ruɗar sakamakon. Wanda ya zaɓi Europa da wanda ya zaɓi Mars duk za su iya cin goma. Wanda ya rubuta cewa tabbas akwai rai a can, ko tabbas babu, a mayar masa da takardarsa ya nuna awon da ya dogara da shi kafin a sa maki.